Inuwa Magini da Gidan da Muka Kulle Don Ƙauna

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya halicci mutum daga yumɓu, sa'an nan Ya sanar da shi yadda zai gina ɗaki da shi. Bayan haka, nufina in ambaci wani bawan Allah da na sani shekaru masu yawa, Inuwa Magini, mutumin Gawuna, Allah Ya jiƙansa.

Inuwa gajere ne mai faɗin tafin hannu, mai ƙarancin magana da mutane, mai yawan magana da bango. Mahaifinsa ne ya gina wani gidan ƙasa a Nassarawa, unguwar Turawa, tun farkon zuwansu, gida mai rufin azara da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, a babban ɗakinsa. Inuwa ya gaji mahaifinsa wajen kula da shi. Kowace shekara kafin damina yakan hau ya yi yaɓe, ya shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin bango, ya share indararonsa biyu, na gabas da na yamma, domin ruwan rufi ya sami hanya. Turawa bakwai suka zauna a gidan ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa duk a matsayin baƙin mahaifinsa ya ɗauke su.

A shekarar samun mulkin kai, tun da bazara, Bature na bakwai ya tattara kayansa ya tafi. Sai labari ya zo cewa bayan damina injiniya zai duba gidan. In ya same shi da rauni, za a rushe a yi na siminti da kwano.

Hankalin ma'aikatan unguwa ya tashi, domin kowa ya saba da gidan. Masu dafa abinci, da masu gadi, da direbobi, da akawuna suka taru suka kafa kwamiti. Aka naɗa Malam Cornelius shugaba, wani akawu Kirista mutumin Zariya, mai gaskiya da son tsari. Ni kuwa, da yake ina karantar da iyalan ma'aikata, aka ɗora mini buɗe taro da addu'a.

Malam Cornelius ya karanta a wata takarda cewa a ƙasashen Turai ba a taɓa abin tarihi. Saboda haka ya kawo shawara a kulle gidan da kwaɗo, kada kowa ya shiga, kada kowa ya hau, har injiniya ya zo.

Inuwa ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Cornelius, kana da kaka?"

"Ina da ita a Zariya."

"In kana sonta, kulle ta kake yi a ɗaki ka hana ta wanka?"

"Malam Inuwa, kakata ba abin tarihi ba ce."

"To, gidan ƙasa da mutane yake rayuwa. In ba a shara, ba a hura wuta, ba a hawa rufi, gara ce za ta tare a ciki."

Aka ce a ɗaga hannu. Ina neman gafarar Allah, har da nawa a cikin waɗanda suka rinjaye shi. Na daɗe ina koyar da cewa kowane fanni ma'abotansa ake tambaya, amma ranar nan shugaba yana riƙe da takarda, Inuwa kuwa hannunsa wofi. Aka garƙame kwaɗo, aka sa Hamisu mai gadi ya tsare ƙofa.

Damina ta sauka. Kullum da safe Inuwa yakan zo ya tsaya a bayan shinge, ya gai da gidan, ya ba shi haƙuri. Da ya ga tsuntsaye sun toshe indararo da sheƙa, haƙurinsa ya ƙare. Wata rana da hantsi Malam Cornelius yana wucewa a kan keke sai ya hango mutum a kan rufi. Inuwa ya gama share indararon gabas ke nan, bai kai ga na yamma ba, aka umarce shi ya sauko.

Bayan la'asar kwamiti ya zauna a gindin darbejiya domin hukunta shi. Shugaba ya buɗe littafin taro ya ce, "Hamisu, wa ya ba shi tsani?"

"Ranka ya daɗe, ni ban ba shi ba. Riƙewa kawai na yi, kada ya faɗo ya lalata abin tarihi."

Ba a gama rubuta wannan amsa ba hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Muka ruga ƙofar gidan, aka nemi mabuɗi. Ashe shugaba ya adana shi a cikin fayil, fayil kuma yana ofis. Muna tsaye muna jiƙewa bisa doka, sai ga Talatu, matar wani kuku, wadda take yin daddawa tana tara wa Inuwa ɓawon ɗorawa na makuba. Ta zo da taɓarya, ba ta nemi izinin kowa ba, ta doke kwaɗon sau biyu.

Jemagu ne suka fara yi mana maraba. Gara ta ja layuka a bango har zuwa gindin azara. Gefen gabas a bushe yake sarai, na yamma kuwa yana yoyo. Da yake a yamma aka bar kujera ɗaya tak da ta rage, kuma kujera haƙƙin shugaba ce, can Malam Cornelius ya zauna, ya ce a ci gaba da shari'a. Ruwa mai launin koko ya riƙa ɗigowa a kan hularsa, tawada ta narke a littafi. Inuwa yana tsaye a gabas, ya harɗe hannuwa.

Can shugaba ya ɗaga kai ya ce, "Malam Inuwa, mene ne wannan?"

"Abin da ba a taɓa ba ne, Malam."

Na shaidi Malam Cornelius da adalci, domin nan take ya rufe littafi ya ce a ba Inuwa tsaninsa, kuma shi da kansa zai riƙe.

Daga ranar aka mai da taron kwamiti cikin gidan. Talatu ta kafa murhu a ɗakin baya, hayaƙi ya kori gara da jemagu. Na mai da karatuna can da safe, Malam Cornelius ya buɗe ajin yaƙi da jahilci da yamma. Inuwa ya canja azara biyu, ya toshe tsaga, da ruwa ya ɗauke ya shafe gidan da makuba.

Injiniya ya zo a lokacin kaka. Ya zunguri bango da sanda, ya daɗe yana kallon bakan gizo, Inuwa na biye da shi yana gumi kamar mai jiran sakamakon hisabi. Daga bisani ya rubuta cewa gida lafiyayye ne, kuma ana amfani da shi, a bar shi.

Kwamiti ya so ya saka wa Inuwa da muƙami, ya ƙi. Karyayyen kwaɗon nan kaɗai ya roƙa. Ya kafa ƙusa a babban ɗaki ya rataye shi, ya ce, "Ga abin tarihinku nan, Malam Cornelius. Wannan kam kada kowa ya taɓa."

Ya ci gaba da hawa rufin nan har ƙafafunsa suka gaza. Allah Ya gina masa gida a Aljanna, wanda ba ya bukatar yaɓe, ko da yake na san zai duba indararonsa.