Kunkurun da Ya Tafi Wani Wuri

A shekarar da Kafanchan ta rikice, ina 'yar firamare, Babanmu bai ƙara iya zama ba. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya kunna rediyo, ya kashe. Akwatinsa na ƙarfe kullum a ɗaure yake bayan ƙofa. Magana ɗaya ce a bakinsa: mu tattara mu koma wani wuri. Ni kuwa na san Kaka, mahaifiyarsa, ba za ta bi mu ba.

Da yamma, in an gama cin tuwon acca, Kaka kan jawo kujerarta gaban murhu tana kankare citta, mu kewaye ta. Da Hausa take mana tatsuniya, saboda Mamanmu 'yar Kwoi ce, ba ta jin yaren gidan. Ran nan sai ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga bakin ƙofa.

Wai da can kunkuru yana da ɗaki kamar kowa. Suka yi faɗa da maƙwabcinsa, sai gogan ya cicciɓi jinkar ɗakin ya aza a baya, ya ce shi kam ya tafi wani wuri. Ya isa Zonkwa ya tambaya, aka ce masa gaba. Ya kai Kachia, aka ce gaba. Damina ta wuce, rani ya wuce, jinka ta manne masa. Har yau tafiya yake.

Muka kwashe da dariya. Ban da Baba.

"Mama, da ni kike," in ji shi.

"Faɗa mini sunan garin kawai, ɗana," ta ce. "Wani wuri ba shi da tasha."

Ya kasa. Bayan girbi muka tafi, muka bar ta da gonar cittarta. Muka yi ta yawon gidajen haya a Kaduna, daga Sabon Tasha zuwa wannan unguwa, zuwa waccan, Baba yana cewa sai mun zauna sosai zai aika mata.

Gaskiya na daɗe ina jin haushinta. Gani nake taurin kai ne kawai, da son yi wa Baba ba'a a gabanmu. Sai da na girma na gane tsoro ne. So take ta san inda za a aika ranar da ciwo ya kwantar da ita. Ya kuwa kwantar da ita. Mutumin da aka aiko ya yi ta zagaya Kaduna yana tambayar mu gida gida. Ko da ya same mu, har ciyawa ta fito a kabarinta.