Gawa Ba Kaya Ba Ce

Mahaifina ya yi shekaru yana fama da ƙaba a matsematsinsa na dama, amma bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba. "Abin nan," haka yake cewa. In abin nan ya sauko yana tsakiyar noma, sai ya nemi inuwa ya kwanta rigingine, ya tura shi ciki da tafin hannu, ya ɗaure da tsohon rawani ya koma bakin aiki.

Ni ce babbar ɗiyarsa. Ina aure a Faskari, shi yana ƙauyenmu can bayan Sabuwa. Ni ce kuma marar kunyar gidan, in ji shi, don ni na tsaya a tsakar gida na ce ƙaba ce, hanji ne yake leƙowa, kuma ranar da ya maƙale ya ƙi komawa, shi ke nan. Ya yi fushi har da ƙin cin tuwona. Bayan kaka dai na ja shi asibiti.

Likitan ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce ko a ɗinke wurin da zare kawai, ko a shimfiɗa wata 'yar raga a ciki ta tare hanjin, ita ta fi hana shi dawowa.

"Raga?" in ji Baba. "Ni harawa ne da za a ɗaure ni cikin raga? A ɗinke."

Na yi magiya har na gaji. Likita ya yi dariya, ya ce to, amma ɗinki sai da lallaɓawa. "Baba, kada ka ɗauki kaya mai nauyi sai na ce. Ban da buhu, ban da guga, ban da galma."

Allura suka yi masa a baya, ƙasan jikinsa ya mutu, idonsa biyu aka yi aikin. Ya fito yana ba ni labarin hirar da ma'aikatan suke yi a kansa.

A gidana ya yi jinya, kuma wallahi na tsare shi. Ko buta aka cika sai na rage ruwan. Kunu, gwanda, kwaɗon zogale, don kada ya yi yunƙuri a banɗaki. In tari ya zo, ya danne wurin da matashi. Aka cire zare, ya fara takawa masallaci, yana tsokanata wai ya shigo hannun ɗan sanda mai zane. Na fara sakin jiki.

Sai labari ya zo 'yan bindiga sun harbe amininsa Malam a gona. Tare aka yi musu kaciya, tare suka tsufa. Da wane baki zan hana shi zuwa? Na yafa mayafi na bi shi.

Ƙauyen ya zama kango. Samari sun watse, wasu Ƙanƙara, wasu inda Allah Ya jefa su, sai tsofaffi. Muna cikin gida mu mata na ji an ɗaga makara, na leƙa ta kafar zana. Ga Baba a gaba, itacen makarar a kafaɗarsa ta dama. Maƙabartarmu kuwa sai an gangara rafi an hau gaɓa. Mace ba ta bin gawa, ba ta kuma ɗaga murya a irin wannan lokaci. Ina tsaye har suka ɓace.

Da ya dawo na tare shi a zaure.

"Baba, mi likita ya ce maka?"

"Ya ce kar in ɗauki kaya."

"To mi ka ɗauka yanzu?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "A'uzubillahi! Malam ne kaya? Gawa ba kaya ba ce, ɗiyata. Ki tuba."

Abin da yake cina har yau ke nan. Ba gardama yake yi ba. Har zuciyarsa bai karya dokar likita ba. An ce buhu, an ce guga, an ce galma, duk ya kiyaye. Ba wanda ya ce makara, ni ma ban ce ba, don bakin ɗan Musulmi ba ya sa ta cikin kaya.

Daga ranar ya ƙi komawa Faskari. Kafin damina ta ƙare abin ya dawo, ya ɓoye mana, wai kunyar likita yake ji. Ranar da ya maƙale kuma hanya ba ta biyuwa, an tare ta, ba direban da ya yarda ya shiga. Ko da na samu mota na isa, cikinsa ya kumbura tim, yana ta amai, hannuwansa sun yi sanyi.

A motar kansa yana kan cinyata. Ina kuka ina masifa, har da cewa da an sa ragar. Ya kama wuyan hannuna.

"Ki daina faɗa. Likita ya yi aikinshi." Ya numfasa. "In an zo ɗaukata, ki faɗa musu, duk mai ɗinki a jikinshi shi bari."

Bai kai kwalta ba.

Na faɗa musu kuwa. Da suka zo ɗaga shi na fito har bakin zaure, na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Tsofaffin suka sunkuyar da kai, wani ya ce a mayar da ni ciki, zafin rashi ne. Ba wanda ya ja da baya. Na san biyu daga cikinsu suna da abin nan, a tafiyarsu na gani. Su suka kama gaba.