Breka mai haƙuri

Shekarun baya, lokacin da na gama ɗan ginina a Birnin Kudu na ɗauko mahaifiyata, Inna, daga ƙauyenmu na wajen Basirka, na kira abokina mai aikin wuta ya haɗa mini akwatin wutar gidan. Ni direba ne, Birnin Kudu zuwa Gwaram, safe da yamma. Abin da na sani game da lantarki bai wuce a kawo a ɗauke ba.

Ya zo da breka, wato na'urar yanke wuta, iri biyu ya ajiye a kan benci. Ya ce ƙananan da na saba gani aikinsu su yanke wuta in kaya sun yi wa waya yawa. Waɗannan biyun da ya kawo kuwa mutum suke tsaro.

"Kamar kai ne," in ji shi. "Ka ɗebi fasinja a tasha, ka isa Gwaram ka ga babu ɗaya. Ka san ya faɗi a hanya. Ita ma wutar da ta fita take dubawa, ta dawo cif ko ta zurare ta jikin wani. In ta zurare, sai ta yanke."

Ɗaya an rubuta mata talatin, abu kaɗan take ji ta faɗi. Ɗayar sai wuta ta zurara da yawa. Na ce a sa mini ta biyun, mai haƙuri. Gida ai da haƙuri ake zamansa.

"Direba, ka taɓa zuwa gareji ka ce a sa maka birki mai haƙuri?"

Ya sa mai talatin ya tafi abinsa.

Rani ya wuce lafiya. Damina na sauka, sai abu ya fara. Matata tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, da wata tsohuwar firiza da muka saya ta hannu, tana rumfa a tsakar gida. Wutar da ake kawo mana ba yawa gare ta ba, ga shi an kawo, breka ta faɗi, gida duka ya mutu. In na dawo da yamma ƙugu na ciwo, abin da ke tarbata ke nan.

"Malam, maƙwabta na da wuta, mu muna da breka. Ƙanƙarata ta koma ruwan alwala."

Wani yaron mota ya ce mini ai abu ne mai sauƙi, a tsallake ta da guntuwar waya, kowa haka yake yi. Na so in yi. Abin da ya hana ni kawai, ina tsoron sa hannu a akwatin. Sai na kira abokina na ce ya zo ya cire matsoraciyar nan tasa ya sa mini mai haƙurin.

Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, an yi ruwa da safe, tsakar gida duk danshi. Bai taɓa akwatin ba. Ya tambayi matata yaushe ne brekar take faɗuwa.

Ta yi dariya. "Ni dai na ce Inna ce ba sa shiri da ita. Da ta je ɗaukar nononta a firiza sai ka ji ƙas."

Ya dubi ƙafar matata, silifas na roba. Ya dubi ta Inna da ke zaune a tabarma tana jan carbi. Inna ba ta sa takalmi a cikin gida, tun muna ƙauye. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, in kin taɓa firizar nan, kina jin wani abu?"

"Babu komai, ɗan nan."

"Ko kaɗan?"

Sai ta ce, "To, hannun yakan ɗan fizge har kafaɗa. Na ce sanyin ƙashi ne, tsufa. Kuma kayan sana'ar yarinya ne, ba na son in zo gidan mutane in fara ƙorafi."

Gidan mutane. Gidan ɗanta.

Aka kashe wuta, muka jawo firizar. Ɓera ya ci waya a baya, tagullar tana taɓa jikin ƙarfen. Duk lokacin da tsohuwa ta kama murfin da ƙafa a jiƙaƙƙen siminti, wutar ta jikinta take bi ta shiga ƙasa, breka ta ji ta yanke kafin ta riƙe ta. Ni kuma ina can ina zagin brekar a tasha.

Na zauna a bakin rijiya. Abokina ya canza wayar, ya gano soket ɗin rumfar ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, don wani na sa ya ja mini shi daga baya, ya haɗa. Sannan ya ba ni shawara a raba, firiza da rumfa su sami tasu brekar, ɗakuna su sami tasu, don in ɗaya ta faɗi kada gida duka ya mutu. Na ce a raba, kuma duka biyun masu talatin. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a jikinsu, ya ce in riƙa dannawa lokaci-lokaci, in ta faɗi lafiyarta ƙalau.

Inna tana nan da ranta, har yanzu ba ta sa takalmi, na gaji da magana. Firizar ma tana nan tana gurnani. Matata ta ci gaba da sana'arta.

Ni an raine ni a kan cewa haƙuri maganin zaman duniya ne, kuma ban ƙaryata ba, da shi nake tuƙi a hanyar nan. Amma a gidana an sami masu haƙuri da yawa, har ya kusa yi mana illa. Abu ɗaya ne ya ƙi yin shiru. Yanzu in na danna maɓallin nan na ji ƙas, sai Inna ta ɗago daga tabarma ta ce, "Mai ƙorafin nan taka tana nan?"

In ce tana nan, Inna.

Ta ce, "To, a bar ta ta yi."