Ranar da Baba ya tsaya a gurbin tano

Karo na huɗu ke nan da na buge tanon baya, wato gangar da aka ajiye don alama. Saura kwana biyu jarrabawar permi, ta lasisin tuƙi, a Tasawa, ina ta koyon kireno, wato shigar da mota da baya tsakanin tano biyu. Shi ya kayar da ni bara, aikin direban da aka yi mini alkawari ya kuɓuce.

Baba ya zo cin kasuwa daga Korgom, yana bisa amalankensa yana kallona. Sai ya sauko, ya mirgina tanon gefe, ya tsaya a gurbinsa.

Na ce, "Baba, don Allah kauce, zan take ka!"

Ya ce, "Ka raina tano ne don ba ya kuka. Taho."

Ban taɓa kallon madubi kamar ranar ba. Ƙafata na bisa birki, na lallaɓa har motar ta daidaita. Tsakaninta da gwiwarsa bai fi taki guda ba, amma ko gezau bai yi ba.

Mutumin da bai taɓa tuƙa mota ba ya yarda da ni tun ban yarda da kaina ba. Ku fa, wa ya taɓa tsaya muku haka?