Idon Da Ya Cinye Rumbun Dabo

Kuma don Allah kar wani ya zo yana ce mini wai Dabo mai hoto wawa ne. Wawa ba ya rabuwa da fartanya tun yana saurayi ya bar 'yan'uwansa suna gasuwa a rana. Wayo gare shi, har ma ya yi masa yawa, irin wayon nan da ke kai mutum ya baro shi. Ku dai tsaya ku ji, in na gama sai ku yanke hukunci, tunda kowa a ƙasar nan alƙali ne in dai ba a gidansa abin ya faru ba.

Dabo ɗan wani ƙauye ne kusa da Zakirai, irin ƙauyukan nan da gonar wannan ke goga kafaɗa da ta wancan, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ya amsa maka daga tasa. Ubansa manomi, kakansa manomi, shi kuwa tun yana yaro in aka ce a tafi gona sai cikinsa ya murɗa. Da ya tasa ya tafi ci-rani Kano. Sauran samari suka kama dako da ga-ruwa, shi ya je ya maƙale a shagon wani Bayarabe mai hoto a Fagge, yana shara yana satar kallo. Da Bayaraben ya tashi komawa garinsu, sai ya sallame shi da wata tsohuwar kyamara, baƙar aba kamar akwatin rediyo, mai cin babban fim. Ba a kara ta a fuska. A daidai cibiya ake riƙe ta, a sunkuya a leƙa ta sama kamar wanda gugansa ya faɗa rijiya.

Da ita ya dawo gida, da ita ya auri Safara'u, 'yar gidan malamai, mace mai baki kamar aska. Ranar kasuwar Zakirai sai ya ɗaure zanensa a gindin tsamiya, zanen da aka yi wa fentin bene da jirgin sama. Yana da kayan aro ma: agogon hannu da ba ya tafiya, rediyo marar batir, da baƙin tabarau. Ka zo da ƙafarka duk faso, ka koma gida kai ne Alhaji a bakin jirgi. Gonar gado kuwa ƙannensa ke nomawa, da kaka a auna masa kasonsa ya zuba a rumbu, yana tsaye yana yi musu bayanin yadda ake noma a ƙasar Turawa.

To ga abin da shi kansa bai sani ba. Gilashin gaban kyamarar, wanda masu sana'ar ke kira ido, ya tsufa har ya yi yana, sak irin ta idon tsofaffi. Duk wanda ya tsaya a gabansa sai ya fito lumus. Tamoji ya ɓace, ƙuraje su ɓace, facin riga ya saje. Baƙa ta fito wankan tarwaɗa, ramamme ya fito kamar ya ci ya ƙoshi. Mutane suka ce Dabo yana da hannu. Shi ma ya yarda hannun ne.

Sai aka shiga shekarun nan na Sap, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kamar da akwai wani abu a cikin aljihun. Ga shi damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Motocin 'yan kasuwar Dawanau ta Kano suka riƙa bin ƙauyuka suna farautar hatsi. Wanda yake da ɗan abu a rumbu, ko matarsa ba ya gaya wa yawansa. Na Dabo dai in aka lallaɓa, aka haɗa da rama da tafasa, zai kai shi da Safara'u da yaransu har sabon gero. In aka lallaɓa fa na ce.

A daidai wannan lokacin ne aka yi walimar saukar karatu a Zakirai, aka ɗauko mai hoto daga birni, wani Basiru mai shagon kayan hoto a Sabon Gari. Ya karɓi kyamarar Dabo, ya ɗaga ta a rana, ya ƙyalƙyale da dariya a gaban mutane.

"Malam, wannan idon ai sai a kai shi asibitin ido a yi masa aiki. Da wannan kake ɗaukar bayin Allah?"

Dabo ya yi yaƙe, amma maganar ta tsaya masa a rai. Da ya shiga Kano wankin fim sai ƙafarsa ta kai shi shagon Basiru. Basiru ya zaro sabon ido daga cikin auduga kamar mai fito da jariri, ya ce sabon fitowa ne, na wannan irin kyamarar aka yi shi, yana hango ƙwayar gero a bakin tururuwa. Ya ɗaura masa ya ce leƙa. Dabo ya leƙa, ya ga zaren hular wani mutum a tsallaken titi, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan fa hankalinsa ya tafi. Kuɗin kuwa kar ma ku tambaya. Kuɗin hatsin rumbunsa ne dai, a haɗa da tsohon idon a kai.

Safara'u tana tankaɗe ta ji ƙugin mota a ƙofar gida.

"Malam, me motar Dawanau take nema a ƙofarmu?"

"Jari zan ƙara."

"Jari da tuwonmu?"

"Ke ba ki san harkar ba. Kasuwa biyu zan ci in mayar da abin da ya fi wannan."

"To Allah ya sa idon yana dahuwa, don shi zan ɗora a murhu."

Ya bar mata ɗan abin da ko kaza ta gani sai ta yi tsaki.

Ranar kasuwa ya yi shela, ya ce an daina hoton ƙauye, yanzu irin na birni za a yi. Mutane suka taru, don ko ana yunwa ba a fasa son a fito da kyau. Ya ɗauka, ya kai Kano aka wanke, kasuwa ta zagayo ya baje hotuna a tabarma yana jiran yabo.

Larai mai ƙuli-ƙuli ce ta fara zuwa. Bazawara ce, wani direba za ta ba hoton. Ta ɗauka, ta kalla, ta juya bayansa, ta sake kalla.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana."

"Ni? Wannan mai wuya kamar na zalɓe? Dabo, in wani abu na yi maka ka faɗa mini, ba sai ka tona ni a takarda ba."

Ta jefar masa ta tafi. Sai ga mai unguwa Sama'ilu. Shi nasa har ya fi. Facin babbar rigarsa ya fito ɓaro-ɓaro, maiƙon hula ya fito, agogon aron nan ana gani ƙarara allura ɗaya ce da shi. Jirgin bayansa ma ya tashi daga jirgi, ya koma fenti a jikin tsumma.

"Ranka ya daɗe, ai haka kake," in ji Dabo, wai shi mai kare sana'a.

"Na san haka nake, shi ya sa na zo wajenka! In yadda nake nake son gani, an ce maka babu madubi a gidana?"

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, wai Dabo ya sayo abin da ke shanye jinin mutum. Ya garzaya wajen Basiru neman tsohon idonsa. Basiru ya ce ai tuni yaran layi suka ɗauke suna ƙona takarda da shi a rana, kuma shi abin da ya fita shagonsa ba ya dawowa.

Haka Dabo ya koma zaman gindin tsamiya ba mai zuwa. Sai ya riƙa leƙen ƙudaje ta cikin sabon ido, har ya kusa sanin na Zakirai da fuska. A gida kuwa an koma cin abinci sau ɗaya, shi ma rabinsa ganye. Safara'u in ta ajiye masa kwano sai ta ce, "Leƙa ta kyamarar, Malam, wataƙila ka hango tuwon."

Mutum ɗaya ce ta karɓi hotonta ba ta ce uffan ba, wato Inna Kulu, don ita ma yanar ce a idonta, ba ta ga komai ba. Ta ba direba ya kai wa ɗanta Usaini da ke gadi a Ikko. Shi Usainin ya shekara da shekaru bai leƙo gida ba. Me zai zo yi? Duk Sallah ana aika masa hoton uwarsa ɓul-ɓul a gaban bene, riƙe da rediyo. Wannan karon da ya buɗe ya gani, ba a daɗe ba sai ga shi a ƙauye, da buhun shinkafa da garin kwaki da jarkar man ja, yana kuka kamar an yi mutuwa.

"Inna, ashe haka kika koma?"

"Yo haka nake tun bara waccan, ɗan nema. Sauke buhun tukuna ka yi kukan."

Tab. Ai kasuwa ta gaba, kafin Dabo ya gama ɗaure zane, layi ya kai rumfar mahauta. Duk wanda yake da ɗa a Ikko ko Fatakwal ko Kaduna ya hallara, kowa ya zaɓo mafi lalacewar rigarsa. Wadda da take aron sarƙa ta zo hoto, yanzu aron tsumma take yi. Mai unguwa Sama'ilu da kansa ya dawo, ya yi kamar ba shi ne ya yi masifa ba.

"Kwance jirgin nan, ka tsayar da ni jikin katangar can da ta zube. Haƙarƙarin zai fito?"

"Ja numfashi ciki, ranka ya daɗe. Ƙara. Yawwa."

Da, in zai ɗauka cewa yake a yi murmushi. Yanzu sai ya ce, "Tuna kuɗin mudun gero," fuska ta yi daidai, ya danna.

Za ku ce to ai shi ke nan, Dabo ya warke. Ina! Wanda ya zo a ɗauki yunwarsa, da me zai biya? Wannan ta kawo ƙwai, wancan ya kawo ɗan kwanon dawa, da yawa kuma addu'a suke biya da ita, doguwa mai kyau, wadda ba a tuƙa tuwo da ita. Fim kuma kullum aka je saye ya ƙara tsada. Buhuna suna ta sauka a gidajen mutane, Dabo yana ta shan godiya. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, lokacin da yunwa ta fi cizo ke nan, rumbunsa kuwa har ɓera ya yi ƙaura.

Ran nan da safe yana shirin fita, Safara'u ta fito da yaran ta jera su jikin rumbun. Ba ta canza musu kaya ba, ba ta canza nata ba, babu ma buƙata.

"Ɗauke mu."

"Ɗauke ku in kai ina?"

"Yaya Abdussalam za a kai wa."

Dabo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Abdussalam wanta ne, yana aiki a masaƙa a Kaduna, kuma tun ranar ɗaurin aure yake cewa shi bai ga abin da za a ci a gidan mai sayar da inuwa ba.

"Haba Safara'u. Ki rufa mini asiri."

"Asirin ai yana Dawanau, an auna shi a mudu. Ɗauki, rana tana yi."

Ya sunkuya ya leƙa. Kullum yana gidan nan, kullum yana wuce su, amma sai ran nan ya gan su. Ramin wuyan Safara'u, in ka zuba ruwa zai zauna. Ƙaramarsu Kaltume gashinta ya yi ja, ciki ya yi gaba, ƙafafu kamar sillen kara. Ido bai rage komai ba, bai san na gida ba, bai san na waje ba. Har zuciyarsa ta ce masa ya ɗan girgiza hannu hoton ya dagule. Sai Kaltume ta yi hamma. Ya riƙe numfashi ya danna.

Duk wanda ya ga hoton nan ya ce tunda Dabo yake sana'a bai taɓa ɗaukar wanda ya kai shi fita ba.

Abdussalam ya aiko da buhunan masara, ko gaisuwa bai haɗo da ita ba. Da su aka ci har sabon gero ya shigo, Kaltume ta yi kumatu, gashinta ya koma baƙi. Hoton kuwa Abdussalam bai ɓoye shi a akwati ba. Gilashi ya sa aka yi masa, ya rataye a falonsa, daidai inda baƙo yake fuskanta in ya zauna. Duk ɗan ƙauyen da ya je Kaduna sai ya sha ruwa a ƙarƙashinsa, ya dawo ya ba da labari a majalisa.

Dabo yana nan har yanzu a gindin tsamiyarsa, ya ɗan yi furfura, Kaduna kuwa ko a mota ba ya son a bi da shi ta can. In Abdussalam ya zo Sallah sai ya miƙa masa hannu a gaban jama'a, da fara'arsa.

"Malam Dabo, ya aiki? Kai, hoton nan naka ya yi kyau. Kowa ya shigo sai ya tambayi wanda ya ɗauka. Nakan ce mijinta ne."

Dabo ya ce madalla, yana kallon ƙasa.

To ku da kuka yi boko kuka iya lissafi, ku faɗa mini: idon nan ya fanshi kansa, ko bai fansa ba?