Injin da Baffa ya yi wa kiwo

Na ja igiyar injin yankan ciyawana ya fi sau goma, ko tari bai yi ba. Ga damina ta sauka, ciyawa ta rufe lambun mangwarona a Kaoje, shekaranjiya ma maciji muka kashe a ciki.

Tun kaka na kai shi ajiya ruga, wurin Baffa, ƙanen mahaifina, bayan na tsiyaye fetur ɗin kaf. Amma da bakanike, wani mutumin tsallaken iyaka, ya buɗe tankin, sai ga tsohon mai fal, har ya daskare a kafireta kamar ƙaro.

Na hau babur sai ruga.

"Baffa, wa ya zuba wa injin nan mai?"

"Ni mana. Na leƙa na iske cikinai wayam. Ka ba ni amana, in ɗaure abu wata shida da yunwa? In ya rage sai in ƙara. Yana sha kuwa, ko ba ya aiki!"

Na ce masa bakanike ya ce inji da yunwa ake ajiye shi, a goge shi, a rataye a inuwa. Baffa ya ce shi dai bai taɓa ganin abin da yunwa ta gyara ba.

An wanke kafireta, inji ya tashi. Bana ma wurin Baffa zan kai shi. Ku faɗa mini, yaya ake koya wa makiyayi barin abu da yunwa?