Awon Rufin Ammu Salihu

Cikin shekarun da na yi ina duba gine-gine a Makka, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ta faɗo ne a 2016, bayan an watse daga Hajji. Aikina a kamfanin shi ne in auna ƙarfin rufin bene kafin a ɗora masa nauyi, in sa hannu.

Mudir, wato manajanmu, ya tura ni unguwar Hindawiyya, gidan wani dattijo, Ammu Salihu, wato Baffa Salihu. A Makka aka haife shi. Kakansa ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina. 'Ya'yansa sun matsa a sayar da gidan a koma unguwar Zahir. Suka yi yarjejeniya: idan rufin zai ɗauki lambu da rumbu da ƙarin tanki, yadda gidan zai ci da kansa wata uku ba kasuwa, za a bar shi. Idan ba zai ɗauka ba, ya sa hannu a sayar.

Na bi ƙa'ida. Na auna kaurin dabe, na duba tsagewar ginshiƙai, na ƙirga mutanen gida, goma sha ɗaya. Ruwansu na wayit ne, wato motar da ke cika tanki. In ta daina zuwa, cikin kwana tara ruwan zai ƙare, ko tsiro ɗaya ba a shayar ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa, rufin ba zai ɗauki rabin abin da yake so ba.

Na gaya masa. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, kai fa ɗan manomi ne. Ƙara mini kaɗan a takardar, wa zai sani?"

Na ce, "Ammu, jikokinka ke kwana a ƙarƙashi."

Ya kalli tsaunukan da ba ko ciyawa. Sannan ya ce, "Tayyib, shi ke nan. Gidanku na can ƙasar Hausa fa? Auna mini shi yadda ka auna nawa."

Na juya bayan takardar na fara. Rumbu biyu. Gona bayan katanga. Zogale a bakin ƙofa. Yana ta gyaɗa kai, har da tambayar ko gaske ne ƙasa na ƙamshi in an yi ruwan fari. Da na zo kan rijiya sai alƙalamin ya tsaya. Shekara shida rabona da gida. Ban sani ba ko tana da ruwa.

Ya ce, "Kai ma ba ka sani ba?"

Na ce, "Wallahi, Ammu."

Na rubuta cewa rufin bai dace ba, na sa hannu. Wata biyu bayan nan aka sayar da gidan.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku ƙara ko santimita ɗaya don tausayi. Amma in kun gama awo, kada ku yi saurin naɗe tef ɗin awo. Wani mai gidan ya san amsar tun kafin ku hau bene. So yake a zauna da shi kaɗan kafin ya sauka.